Besfar Baba a Jikwoyi

Abin hawa na farko da na sani a duniya besfar mahaifina ce. A Tudun Wadan Zariya muke lokacin, shi kuma yana aiki a gidan waya. Besfar ruwan toka ce, injinta a gefe ɗaya, tayar safaya a ɗaya gefen, in ka hango ta daga baya sai ka ga kamar ta ɗan karkace. Kullum da safe Baba zai turo ta daga zaure, ya naɗe hannun babbar riga a kafaɗa, ya buga kiki. Sai ta tashi da wata ƙara mai kaifi, hayaƙi shuɗi-shuɗi ya cika lungu, kaji su watse. Ni a gaba nake tsayawa, kan faffaɗan ƙarfen da ake ɗora ƙafa, gemunsa yana taɓa ɗankwalina, har ƙofar makarantarmu.

In mun biya gidan mai, ba ya bari a zuba fetur sai ya fara ɗauko wani ɗan gwangwani daga aljihun besfar, ya auna baƙin mai ya tsiyaya a tanki. Bayan an zuba fetur kuma ya kama kanta ya jijjiga hagu da dama don su gauraya. Wata rana na tambaye shi dalili.

"Ita ba ta da wurin ajiye baƙin mai daban," ya ce. "A cikin fetur take samun abin da zai sa mata santsi a ciki, ta ƙone su tare. Hayaƙin da kike gani ke nan. In kin rage mata, inji ya bushe ya kama. In kin cika mata, fulogi ya toshe."

Na ji na ajiye, ban ɗauka zai taɓa yi mini amfani ba. A unguwarmu a wancan lokacin ban taɓa ganin mace tana tuƙa babur ba.

Aure ne ya kawo ni Abuja. Maigidana yana da ɗan shagon kayan wuta a Gwarinpa, amma hayar gida a can ta fi ƙarfinmu, sai muka kama ɗaki da falo a Jikwoyi. Da ya sallame sallar asuba yake fita, don in ya ƙara ko shan shayi ne cunkoson Nyanya zai riƙe shi har hantsi. Ni kuma na sami aikin koyarwa a wata firamare ta wajen Kurudu. Wurin ba shi da nisa sosai, sai dai ba mota mai zuwa kai tsaye, dole acaɓa. Tun da aka hana 'yan acaɓar shiga tsakiyar birni suka taru a unguwanninmu na gefe, kowa yana sauri ya riga ɗan'uwansa. Na tsani hawan nan. In zauna a bayan namijin da ban sani ba, hannu ɗaya na riƙe da 'yata, ɗaya na tattare da hijabi kada taya ta ja, ina ta roƙon a rage gudu ba a ji. Akwai ranar da muka zube a cikin taɓo ni da yarinyar da littattafan ɗalibai. Ba wanda ya ji ciwo, amma na dawo gida ina kuka don haushi.

Mai gidan da muke haya ce ta gan ni ranar. Dattijuwa ce, 'yar asalin wurin. Mu Gwari muke ce musu, ita kuwa ta gyara mini tun ranar farko, ta ce Gbagyi. Kirista ce, manomiya, mijinta ya rasu ya bar mata gidan da gona a bayan tsauni da wani tsohon ƙaramin babur. Kowa a gidan yana ce mata Mama. Hausarta irin ta nan ce, "kai" take ce mini ba "ke" ba, tun abin yana yi mini banbaraƙwai har na saba.

"Malama, me ya same ka?"

Na ba ta labari. Ta dubi taɓon da ke jikin hijabina, ta dubi babur ɗinta da ke jingine a gindin mangwaro.

"Ka koya mana. Mashin bai san mace ba, bai san namiji ba. Wanda ya buga shi, shi zai bi."

Na yi dariya, na ɗauka wasa take yi. Ta ce ita ma sai da mijinta ya mutu ta koya. Matan ƙabilarsu a kafaɗa suke ɗaukar kaya, ba a ka ba, kuma ta janye wuyan rigarta ta nuna mini kantar da itace da doya suka yi mata a wurin tun tana budurwa. Ta ce ranar da ta fara ɗaure doya a bayan babur ta iso gida kafaɗarta ba ta zogi, sai da ta zauna ta yi wa Allah godiya.

Da daddare na gaya wa maigidana. Ya ci gaba da cin tuwonsa.

"Ni ba hawan ne damuwata ba," ya ce daga baya. "Titin nan ne. Kin ga yadda masu tifa suke yi."

"Ai yanzu ma a kan titin nake, sai dai wani ne yake riƙe da kan."

Ya ajiye cokalin miya ya dube ni. Ya ce to, amma da sharaɗi biyu: hular kwano, kuma kada in kuskura in hau babban titin Nyanya.

A wani fili da ke bayan cocinsu Mama ta koya mini, ranakun Asabar bayan ta dawo gona. Babur ɗinta ma irin mai haɗin mai ne. Da ta buga shi ƙamshin hayaƙin ya doki hancina, sai na ga lungunmu na Tudun Wada a gabana. Ba ta da haƙurin koyarwa ko kaɗan. In na saki kuloci da gaggawa babur ya yi tsalle ya mutu, sai ta ɗaga murya: "A hankali! Kamar kana sauke jariri daga baya!" In na dubi ƙasa ta ce, "Ƙasa ba ya zuwa ko'ina, ka duba gaba." Na faɗi ba sau ɗaya ba, salansa ta ƙone ni a ƙwauri, tabon yana nan har yau. Kafin damina ta kankama ina zagaya filin ni kaɗai, ita tana zaune a kan dutse tana ɓare gyaɗa.

Lokacin Baba ya riga ya yi ritaya, yanar ido ta rufe masa gani, besfar tana zaure an lulluɓe ta da tsohon bargo. Na kira shi a waya na gaya masa na iya babur.

"Wa ya koya miki?"

"Mai gidanmu, Baba. Wata dattijuwa."

"Mace?"

"Mace."

Sai na ji yana dariya ƙasa-ƙasa. Ya ce Allah ya tsare, ya ajiye waya. Ba a daɗe ba wani ɗan unguwarmu mai kawo albasa da tattasai kasuwar Karu ya kira ni, ya ce in turo a karɓi saƙo. Besfar ce a tsakiyar buhuna, an ɗaure ta da igiya, tana ta warin albasa. Gwangwanin awon yana cikin aljihunta, tare da sifanar kwance fulogi a naɗe cikin tsumma.

Sai da na sake koyo, don ita giyarta a hannu take, ka matse kuloci ka murɗa hannun hagu gaba ɗaya. Amma ta fi dacewa da ni nesa ba kusa ba. Ba sai na ɗaga ƙafa na haye ba, zama nake yi kamar a kujera, ƙafafuna a haɗe, zanina a rufe, garkuwar gaba tana tare mini taɓo. 'Yata kuma ta sami wurin tsayuwa a gabana.

A lokacin besfa ta yi wuyar gani a Abuja. Duk inda na tsaya sai an taru. 'Yan acaɓa suna yi mini tsiya, wai Hajiya ta fito da motar kakanta. Dattawan Kano da Katsina masu shaguna a bakin titi kuwa fitowa suke yi su shafa ta. Akwai wani Bakatsine mai shagon atamfa, farin gemu fat, da kullum in na wuce sai ya ɗaga hannu. Ranar da na tsaya sayen yadi ya zagaya ta ya ce, "Malama, da irin wannan na je neman aure. Don Allah buga ta in ji." Na buga. Ya rufe ido yana saurare, hayaƙi yana shiga shagonsa, bai ko kawar da kai ba.

Na sha tunanin abin da yake sa mutane hawan waɗannan ƙananan babura, tunda ba gudu gare su ba, ba kuma ado ne ba. Wani malami a makarantarmu yana da mota, amma ajiye ta yake yi ya hau ɗan ƙaramin babur, ya ce ya gaji da zama a cunkoso yana kallon masu tallar ruwa suna wuce shi da ƙafa. Wani kuma mai ne dalilinsa, abin da mota za ta sha a yini shi zai kai shi mako. Mama kafaɗarta ce. Ni kuwa da farko tsoron faɗuwa a hannun wani ne ya kai ni, amma abin da ya riƙe ni daban ne. Tun da na zo garin nan jira nake yi: jiran acaɓa, jiran mota ta cika, jiran maigidana ya dawo ya kai ni asibiti ko gidan suna. Da besfar ta zo sai na ga in na ce zan fita yanzu, yanzun ne. Na fara sanin unguwar da na shekara a cikinta ban san ta ba, inda ake sayar da man ja mai kyau, lungun da ke ɓullewa bayan kasuwa, wurin da iska take sauyawa ta yi sanyi in ka gangaro kusa da rafi. A mota ba a jin wannan.

Ba wai ba ta wahalar da ni ba. In ta kwana a sanyi sai na yi ta bugun kiki har zufa ta karyo mini. Hijabaina duk suka ɗauki warin hayaƙi, har ɗalibai suna gane na shigo aji tun kafin su ɗago kai. Ga gwangwani da kwalbar baƙin mai da nake yawo da su, masu gidan mai suna ta gunaguni wai ina tsayar musu da layi.

Wata Asabar ce cikin damina, bayan azahar, Mama ta kira ni. Muryarta ba yadda na saba ji ba.

"Malama, ka zo gona. Adda ya sare ni a ƙafa. Ba na iya buga mashin."

Ɗanta yana aiki a cikin gari, maigidana yana Gwarinpa. Na bar 'yata wurin maƙwabciya, na ɗauki tsohon zani mai tsabta, na fita. Sau ɗaya na taɓa raka ta gonar, kuma lokacin rani ne. Yanzu hanyar ta zama taɓo, ciyawa ta rufe ta har gwiwa. Tayoyin besfa ƙanana ne, ba don irin wannan hanya aka yi su ba. Ina tafiya a giya ta ɗaya, ƙafafuna biyu a ƙasa suna taimakawa, baya yana ta wutsil-wutsil. Da na kusa rafi sai injin ya fara tari, ya yi wani ɓut-ɓut ya mutu.

Na buga kiki, shiru. Na sake, shiru. Ba kowa a wurin sai kukan kwaɗi, ga hadari yana haɗuwa ta gabas. Na buɗe murfin gefe, na ɗauko sifana na kwance fulogi. Baƙi ƙirin, ya jiƙe da mai, don na daɗe ina jan ta a hankali ba ta sami ƙone man da kyau ba. Na cire fil ɗin da na maƙale mayafina da shi na kankare bakinsa, na goge da gefen zani, na hura, na mayar. Na yi bisimilla na buga. A bugu na biyu ta kama, da ƙarar nan tata mai cika kunne, ban taɓa jin daɗin ƙarar ba kamar ranar.

Na iske Mama a gindin ɗorawa, ta ɗaure ƙafar da ɗankwalinta, jini ya rine shi. Saran a saman ƙafar dama yake, mai zurfi. Na ƙara ɗaurewa da zanin da na kawo, na ɗaga ta da ƙyar na zaunar a baya. Ta dubi besfar ta dubi hawan da ke gabanmu.

"Wannan tsoho zai hau da mu biyu?"

"Ki riƙe ni kawai, Mama."

Na murɗa totur har ƙarshe. Besfar ta yi kururuwa, hayaƙi ya turnuƙe bayanmu, ta ɗauke mu ta haye tudun nan ba ta tsaya ba. Mama tana addu'a da yarensu a bayan kunnena, ni ina yi da nawa. Ruwa ya tsuge muna shiga ƙofar wani ƙaramin asibiti. Aka ɗinke mata, aka yi mata allura. Nas ɗin ta ce da an ƙara jimawa da jinin da ta zubar ya yi yawa. Tun daga ranar Mama ta daina ce wa besfar tsoho, sai dai "mashin Baba". Kuma duk doyar da ta fara haƙa a shekara, sai na ga an ajiye mini a ƙofar ɗaki.

Abin da ya raba ni da besfar tari ne. 'Yata ta fara shi kamar mura, aka yi magani ya lafa, ya dawo. Daga baya har numfashinta yana fita da wani ɗan fito. Likitan da ya duba ta ya ce ƙirjinta ba ya son hayaƙi, ya tambaye ni abin da muke ƙonawa a gida. Na fara lissafo masa: murhun itacen Mama, maganin sauro na kunnawa, ɗan ƙaramin janareton maƙwabcinmu wanda shi ma haɗin mai ake yi masa. Ban ambaci baburanmu ba.

"Akwai saura?" ya ce.

Na gaya masa babura biyu ne a tsakar gidan, kowace safiya ana ɗumama su a ƙarƙashin tagarmu, kuma yarinyar tana tsaye kusa tana jira. Bai ce besfar ce ta jawo ciwon ba. Ya ce dai duk abin da zan iya ragewa in rage.

Muka rage. Muka koma gidan sauro, maƙwabci ya mayar da janaretonsa bayan katanga, Mama ta riƙa tura babur ɗinta har waje kafin ta buga. Ni ma haka. Amma kullum na tsaya a mahaɗa hayaƙin ya zagayo, in ga yarinyar ta rufe hanci da hannu, sai in ji ba daɗi.

Bakaniken da yake duba mini besfar wani Bayerabe ne a bakin titi, mutum mai fara'a. Na tambaye shi ko akwai abin da za a yi ta daina hayaƙi. Ya girgiza kai.

"Madam, haka Allah ya yi shi. Wannan tu-sturok ne. Fistin ya hau ya sauka, wuta ya tashi. Ya hau ya sauka, wuta ya tashi. Ba hutu. Shi ya sa yana da zafi, shi ya sa yana shan mai." Ya nuna mini wani sabon babur mai jikin roba da aka kawo masa, irin wanda ake ce wa roba-roba. "Wannan fo-sturok. Sai ya hau ya sauka sau biyu kafin wuta ɗaya. Baƙin mai yana zaune a ƙasa a wurinsa, ba ya ƙonewa. In ya tsufa ka zo mu yi juye, shi ke nan."

Ya danna wani maɓalli, abin ya tashi. Sai da na sunkuya kafin na tabbatar yana aiki. Ba hayaƙi, ba kururuwa.

"To wanne ya fi, Oga?"

"Ni na fi son gyaran naka, kayan ciki kaɗan ne. Amma in don yaro ne, ka ɗauki wannan."

Maigidana ne ya sayo mini ita, ja, da kwando a gaba. Ranar farko da na hau sai na ji kamar na ci amanar wani. Ba ta da kuzarin besfa, in na murɗa totur sai ta yi kamar tana shawara kafin ta tafi, a hawan tudu kuma ba a yi mata gaggawa. Amma tana kai ni. Mai yana daɗewa a tankinta har in manta yaushe na sha. Kuma a karon farko na ji 'yata tana yi mini hira muna tafe, ashe da can ma tana yi, ƙara ce take hana ni ji.

Abin da ya fi damuna yadda zan gaya wa Baba. Na yi ta ɗagawa. Da na daure na kira, na fara kewaye-kewaye, ina ba shi labarin likita da tari da gidan sauro.

"Kin ajiye besfar ke nan," ya katse ni.

"Na ajiye, Baba. Ka yi haƙuri."

"Haƙurin me? Ke kin ɗauka don ina son hayaƙi na hau ta? Ita ce aka ba mu bashinta a wurin aiki, da wata aka ba mu da ita zan hau. Mahaifiyarki ta yi shekaru tana mitar warin rigunana." Ya ɗan yi tari. "Yaya jikin yarinyar?"

Na ce da sauƙi.

"To shi ne magana. Abu ɗaya dai, kada ki lulluɓe ta ki ajiye kamar yadda na yi. Inji in ba ya aiki lalacewa yake yi. Ki nemi mai hawa ki ba shi."

Bakatsinen nan mai shagon atamfa na kai wa. Da farko ya ƙi, ya ce abin gado ne. Na haɗa shi da Baba a waya, suka daɗe suna hira kamar sun san juna, har da gardamar irin baƙin man da ya fi. Daga ranar da ita yake zuwa masallacin Juma'a, babbar riga tana kaɗawa a baya.

Mama kuwa ba ta yarda da roba-robar ba sam. Ta ce babur ɗin da ba ya magana, ta yaya mutum zai san lafiyarsa? Ta ce ko akuya ba za ta kauce masa a hanya ba. Wata safiya na fito na danna maɓalli, sai ga hayaƙi fari yana fita ta salansa, injin yana shaƙewa. Na yi maza na kashe ta. Mama tana gefe tana shara, ta ɗago da murmushi.

"Ka ga yanzu ya fara zama mashin. Jiya na ga ba ka sa masa baƙin mai tun da ya zo, na ce Malama ya manta. Na zuba masa a tanki, mai kyau, wanda nake sa wa nawa."

Na rasa dariya zan yi ko kuka. Tura ta na yi har wurin Bayeraben. Ya zuƙe tankin tas, ya wanke kafireto, ya sauya fulogi, yana yi yana ƙyalƙyala dariya har da hawaye. Da yamma Mama ta sa na nuna mata inda baƙin man yake zama. Na zaro ɗan sandan awo ta gani da idonta. Ta juya shi, ta shinshina, ta miƙo mini.

"To. Kowa da yadda yake cin abincinsa. Ka yafe ni."

Tarin 'yata bai tafi gaba ɗaya ba, amma ya yi sauƙi ƙwarai, yanzu sai lokacin sanyi yake ɗan motsawa. Ban san ko rabuwa da besfar ne ba, ko gidan sauron, ko girma ne kawai. Ban taɓa samun wanda ya tabbatar mini ba.

Baba ya rasu bayan 'yan shekaru. Mu kuma muka tashi daga Jikwoyi muka koma Lugbe, inda maigidana ya buɗe shago kusa da gida ya huta da Nyanya. A bayan akori-kura aka kawo roba-robar tare da katifu, don ba na son ratsa tsakiyar birni da ita. Har yanzu ita nake hawa zuwa sabuwar makarantata. Da fetur ya yi tsada, malamai mata biyu da suke yi mini kallon mamaki a da suka sayi nasu.

Gonar Mama ta bayan tsauni ta tafi, an yanka ta fuloti-fuloti an yi gidaje. Ta bar wa ɗanta gidan Jikwoyi ta koma ƙauyen danginta ta wajen Karshi. Bara na je gaishe ta, a motar haya. Na same ta a inuwa tana ɓare agushi, ta rame kaɗan, gwiwoyinta sun kumbura. Ta ce ta daina hawa, ƙafar ba ta iya kiki. Wani ɗan ƙaninta ne yake kai kaya kasuwa da babur ɗin.

"Ba ki kewarsa, Mama?"

"Gona yana nan bayan ɗaki, da sanda nake zuwa. Coci ma ga shi can." Ta watsa ɓawon agushi gefe. "Abin da nake kewa, in na ji mutum ba shi da lafiya a wani gari, da sai in tashi in tafi. Yanzu sai in aika gaisuwa."

Muka ci dafaffiyar doya da man ja da barkono. Ta tambayi maigidana, ta tambayi 'yata, ta ce in kawo mata ita ta gani kafin ta fi ta tsawo. Da la'asar ta yi na ce zan kama hanya saboda cunkoso. Ta dogara sandarta ta raka ni har bakin titi, ta tsaya tare da ni a rana sai da mota ta zo.